Jona faifai ka fita gudu: yadda nake bakof ɗin kwamfutata duk Asabar

Duk ranar Asabar idan na dawo daga sallar asuba abu biyu nake yi kafin gari ya gama wayewa, in jona faifan ajiya a jikin kwamfuta, in ɗaura kambas in fita gudu. Kafin in dawo ta gama kwafe duk abinda na tara a satin. Shikenan tsarin, amma bari in warware shi dalla dalla dan akwai wuraren da mutum zai yi kuskure ya zauna yana ganin yana da bakof, wato kwafin ajiya na kayansa, alhali babu komai a hannunsa.

Ban fara haka ba sai da na yi asara. Kwamfutata ta fara wata ƙara daga ciki, ƙyas ƙyas ƙyas, nace sai ƙarshen wata na kaita gyara, kwana uku tsakani ta ƙi tashi gaba ɗaya. Mai gyara yace faifan ciki ne ya mutu. Takardun aiki na sake haɗa wasu, wasu na samu a imel, amma akwai hotunan Baba na ƙarshe, Allah ya jiƙansa da rahama, da muryarsa da na naɗa wata rana yana bamu tarihin yadda kakanmu ya zo garin nan, wannan har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, dan ba abu bane da ake sayowa a kasuwa. Kuma na san da bakof tun kafin lokacin, na san yadda ake yi, "gobe zan yi" ce ta cinye ni. Shi ma gudun haka ne, kowa ya san amfaninsa, tashin ne wuya. Da na ɗaure su waje ɗaya sai kowanne ya zama yana tuna min ɗan uwansa, in na ga kambas na tuna faifai, in na jona faifai kuma ba abinda zan yi da kwamfutar na kusan awa guda, toh gara in fita.

Matakin farko ba sayen komai bane, zama zaka yi ka san me kake da shi. Buɗe kwamfutar ka bi Desktop, Documents, Pictures, Videos, da Downloads musamman, dan yawancinmu a nan muke barin abubuwa masu muhimmanci shekara da shekaru. Ka raba kayan gida biyu a ranka: wanda in ya ɓata zaka iya sake samu, kamar finafinai da karatuttukan da suke intanet da manhajoji, da wanda in ya tafi ya tafi kenan. Na biyun su ne hotunan iyali, bidiyon suna da biki, furojet ɗin makaranta, lissafin shago da ke cikin Excel, sikanin takardun WAEC da NECO da NYSC da silif ɗin NIN, takardun fili da na gida, rasit na kuɗin makaranta, jerin waɗanda kake bi bashi da waɗanda suke binka. Ka haɗa su a manyan foldoji masu suna da kowa zai gane. Sannan ka jona wayarka da kebul ka kwashe foldar DCIM, inda hotuna da bidiyon kyamara suke, zuwa cikin kwamfutar, dan a zamanin nan rabin rayuwar mutum a waya take, kuma waya ta fi kwamfuta saurin ɓata ko faɗawa ruwa. In ka gama ka danna foldar da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Properties, zai nuna maka giga nawa ne. Riƙe wannan adadin.

A nan dan Allah ka tsaya ka fahimci abu ɗaya, saboda na ji shi a bakin mutane da yawa har da masu gyara: wai ka ajiye kayanka a D, ko C ya lalace D na nan. Gaskiya ne idan Windows ce ta rikice aka yi fomatin C kaɗai. Amma a yawancin laftof C da D faifai ɗaya ne aka raba shi gida biyu, kamar ɗaki ɗaya da aka sa labule a tsakiya, in rufi ya rufta duka ya rufta a kai. In faifan ya mutu ko aka sace kwamfutar, da C da D tare zasu tafi.

Ka'idar da masana harkar suke bi ana ce mata 3-2-1, wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ne ya yaɗa ta. Kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri 2, sannan 1 daga ciki ya zama ba a gidanka yake ba. A wajena ga yadda take: na farko yana cikin kwamfuta, na biyu a faifan waje da ke cikin durowa, na uku a gidan yayana da kuma intanet. Dalilin na ukun a fili yake, ɓarawo in ya shiga ɗaki jakar laftof zai ɗauka da duk abinda ke cikinta, gobara da ambaliya su ma basa zaɓe.

Sai mataki na biyu, sayen faifai, wanda 'yan kasuwa ke cewa eksitanal. Ka sayi wanda ya ninka kayanka aƙalla sau biyu, in kayanka giga 300 ne ka nemi 1TB, saboda manhajar bakof tana ajiye tsofaffin kwafi kuma kayan ƙaruwa suke. Iri biyu ne. HDD yana da faranti mai juyawa a ciki, ya fi arha kuma ya fi ɗaukar kaya a kuɗi kaɗan, amma baya son faɗuwa ko kaɗan musamman yana cikin aiki. SSD ba abinda ke motsi a cikinsa, ya fi sauri, ya fi jure jijjiga, ya fi tsada. In faifan a durowa zai zauna HDD ya wadatar. Filash kuwa ni bana lissafa shi a bakof, abin kai saƙo ne daga nan zuwa can, yana ɓata a aljihu, yana mutuwa ba sallama.

Ko a Beirut Road ka saya a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, ko ta intanet aka kawo maka, ka gwada shi kafin ka damƙa masa amanarka. Akwai na jabu a duniya ko'ina, a rubuta 1TB a jiki, kwamfuta ma ta nuna 1TB, amma ainihin cikinsa ɗan kaɗan ne, zai yi ta karɓar kaya yana rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar da ka buɗe hoto ka ga baya buɗuwa. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw, tana cika faifan da bayanai ta sake karanta su ta gaya maka gaskiyar girmansa. Tana ɗaukar awanni a babban faifai, ka barta ta kwana tana yi. Amma in ka ga sabon 1TB ya nuna 931GB kar hankalinka ya tashi, ba a cuce ka ba, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows. Kuma ka karɓi rasit.

In Windows kaɗai kake amfani da ita ka bar faifan a tsarin fomatin da ake kira NTFS. In zaka riƙa jona shi a Mac da Windows duka don kwafe da hannu, exFAT ne yake aiki a duka biyun. FAT32 baya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, bidiyon biki guda sai ya ƙi shiga.

Mataki na uku shine kunna abinda zai riƙa kwafewa, dan kwafe da hannu yana da kyau a karon farko amma a sati na biyar zaka manta wace folda ka taɓa wace baka taɓa ba. Windows 10 da 11 suna da File History a cikinsu. Ka jona faifan, ka shiga Control Panel, System and Security, File History, ka danna Select drive ka zaɓi faifanka, sannan Turn on. Daga nan duk lokacin da ka jona zaka ga Run now, shi zaka danna. Kyawunsa shine yana ajiye tsofaffin kwafin fayil, wato in ka lalata babi na uku na furojet ɗinka yau ka yi sabin a kai, zaka iya komawa ka ɗauko na satin da ya wuce. A cikin Advanced settings akwai wajen tsawon lokacin da zai riƙe tsofaffin, yana zuwa a Forever, ni na maida nawa Until space is needed dan kar faifan ya cika ya tsaya ban sani ba. Abin lura, foldojin da ke ƙarƙashin sunanka yake bi, irin su Documents da Pictures da Desktop, in kana da kaya a D ba lallai ya gansu ba sai ka saka foldar cikin Library.

Saboda wannan ne ma nake haɗawa da FreeFileSync, ita ma kyauta ce. Foldar kwamfuta a hagu, foldar faifai a dama, ka danna Compare ta nuna maka bambancin, sannan Synchronize. Amma ka kula da zaɓin da ka yi. Mirror yana maida dama ta zama daidai da hagu, duk abinda ka goge a kwamfuta zai goge shi a faifai, in kuma ka juya su bisa kuskure, faifan da babu komai ya zama a hagu, toh kayanka zai share. Update yana ƙara sabbi da waɗanda aka canza ne kawai baya goge komai, da shi nake bada shawara mai farawa ya fara. Kuma ko yaushe ka karanta abinda Compare ya nuna kafin ka danna, in ka ga zai goge fayil dubu biyu kai kuma baka goge komai ba, ka tsaya.

Masu Mac naku ya fi sauƙi, manhajar bakof ta Time Machine na nan tun 2007, System Settings, General, Time Machine, Add Backup Disk. Zai nemi ya goge faifan ya shirya shi yadda yake so, dan haka a bashi sabo.

Yanzu kafin ka fita ƙofa, minti biyu na shiri. Batirin laftof ya zama a cike, saboda wutar NEPA ba a yi mata alƙawari, ƙaramin faifan waje kuwa daga jikin laftof yake shan wuta dan haka ko an ɗauke zai cigaba. Mai destof sai da UPS, in babu ya jira lokacin janareta ko sola, yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil. Ka shiga saitin Power ka maida Sleep zuwa Never, in ba haka ba kana kaiwa bakin titi zata yi barci aikin ya tsaya, kuma kar ka rufe murfin. Ka ɗora ta a tebur ba a katifa ba dan ta sha iska, faifan a kwance nesa da baki, ka ja ƙofa saboda yara. In akwai ramin USB mai shuɗin ciki shi zaka jona, ya ninka baƙin sauri nesa ba kusa ba. Karon farko zai iya cin awa biyu ko fiye, musamman in ƙananan fayiloli ne birjik, amma na sati sati sabbi kawai yake ɗauka.

Toh sai gudun. In ka daɗe baka motsa jiki ba kar ka fita da niyyar zagaye gari, abinda ke sa mutane dainawa a sati na farko kenan, su fita da ƙarfi ranar farko, kwana huɗu cinya na ciwo, shikenan an ajiye kambas. Ka fara da tafiya mai ɗan sauri minti 5, sannan sassarfa minti 1, tafiya minti 1 da rabi, ka yi ta maimaitawa har minti 20, ka rufe da tafiya. Sau uku a sati da hutun kwana ɗaya a tsakani. Wannan shine farkon tsarin da ake kira Couch to 5K, wani Josh Clark ya tsara shi a 1996, hukumar lafiya ta Ingila ma tana koyar da shi, a sati 9 yake kai mutum ga gudun minti 30 ba tsayawa, kusan kilomita 5. Kowane sati ana ƙara tsawon sassarfar ana rage tafiyar, in sati ya yi maka nauyi ka maimaita shi, ba wanda yake binka da bulala. Ma'aunin sauri kuwa bakinka ne, in kana iya yiwa abokin gudunka magana jimla guda ba tare da numfashi ya sarƙe ba toh daidai kake, in ba ka iyawa ka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya tace baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, ko minti 75 na mai ƙarfi, kaga fita uku ta gudun minti talatin talatin ta kai ka har da ƙari.

Takalmi shine abu ɗaya da zan ce kar a yi masa rowa. Ba sai sabo ba, gwanjo mai kyau yana yi in dai tafinsa bai cinye ba kuma bai karkace gefe guda ba. Ka gwada shi da yamma lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da zaka riƙa sawa, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Ana ƙiyasta takalmin gudu yana gajiya tsakanin kilomita 500 zuwa 800. A titi ka bi hannun da zaka riƙa fuskantar motoci, a Najeriya da Nijar hagu kenan, ka sa riga mai haske dan da asuba mai adaidaita sahu ba lallai ya hango ka ba, kuma in zaka sa abin kunne ka bar kunne ɗaya a buɗe. In akwai fili kusa ya fi titi, mutanen Kaduna suna da Murtala Square, kusan kowane gari akwai filin makaranta ko na ƙwallo, ƙasa ma ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa. 'Yan uwa mata, ku haɗu ku biyu ko uku, filin makarantar unguwa da sassafe ya wadatar, dogon hijabi mara nauyi da wando mai faɗi basa hana komai. Lokacin zafi, Maris zuwa Mayu, in rana ta ɗaga a haƙura sai gobe, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Da hunturu in ƙura ta yi yawa har ba ka hango ƙarshen layi, mai asma ya zauna a gida. Wanda yake da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, ko shekaru sun ɗan ja, ya fara ganin likita. Kuma duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko jiri na ɗibarsa ya tsaya nan take ya nemi asibiti, wannan ba wajen nuna jarumta bane.

Ka dawo, ka sha ruwa, ka goge gumi a hannunka. Mataki na huɗu kenan kuma shi aka fi tsallakewa: dubawa. Kar ka yarda da cewa ta gama kawai, ka karanta ko ta rubuta wani kuskure, sannan ka shiga cikin faifan da kanka ka buɗe abu uku, hoto ɗaya, takarda ɗaya da ka taɓa a satin nan, bidiyo ɗaya ka ja shi zuwa tsakiya. In sun buɗe, ka yi Eject ta ƙasan allo, ka jira ta ce a cire, ka zare, ka mayar durowa.

Zarewar nan tana da dalili. Akwai bairos mai garkuwa da fayiloli, yana kulle duk abinda ke cikin kwamfuta da duk faifan da ya samu a jone, sannan a nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 wanda ake kira WannaCry ya shiga kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila sai da suka riƙa maida marasa lafiya gida. Faifan da ke cikin durowa ba ruwansa da wannan, haka ba ruwansa da tsawa ko wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona caja. Sannan faifan bakof baya zuwa kafe, baya zuwa bizines santa, ba a ara wa aboki ya kwashi fim. Duk mun san bairos ɗin nan da ke maida foldoji su koma shotkot, daga irin wuraren nan ake kwaso shi. In zaka je firintin ka sa takardar a filash daban ko ka tura ta imel.

Mataki na biyar, intanet. Google na bada 15GB kyauta amma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, har bakof ɗin WhatsApp na masu Android yanzu a ciki ake lissafa shi. OneDrive 5GB, iCloud 5GB. Ba zai ɗauki duk kayanka ba, kuma ko zai ɗauka data ba zata bari ba, dan haka ka zaɓi waɗanda suka fi komai: takardu, furojet, lissafi, zaɓaɓɓun hotuna. Ka yi folda ɗaya ka ɗora ta da datar dare mai arha. Amma ka san cewa in ka sa manhajar Drive ko OneDrive tana daidaita folda da kanta, abinda ka goge a kwamfuta ta goge shi a can ma, sai dai yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. Shi yasa intanet bata maye gurbin faifai, taimaka masa take. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sauke lambobin ko ta kwana da Google ke bayarwa ka rubuta su a takarda, saboda ranar da aka sace waya da layin a ciki ranar ce zaka fi buƙatar shiga akawun ɗin. Kuma ka riƙa leƙa shi, Google tace akawun da aka bari shekara 2 ba a taɓa ba tana iya goge shi.

Tarihin gudunka ma kaya ne, kuma mutane basa kawo shi a lissafi sai ya ɓace. A watan Yulin 2020 masu garkuwa da fayiloli sun afka wa kamfanin Garmin, kwanaki masu agogonsa a duk duniya basa iya ɗora gudunsu. A ƙarshen wannan shekarar kuma aka rufe manhajar ajiye tarihin gudu ta Endomondo gaba ɗaya, aka ce kowa ya kwashe nasa. Duk abinda yake a hannun kamfani kaɗai aro ne. In manhajar gudu ta Strava kake amfani da ita, ka shiga ta burauza a kwamfuta, Settings, My Account, wajen Download or Delete Your Account, ka nemi a turo maka kundinka, kar ka taɓa wajen gogewa, zasu aiko da mahaɗi ta imel ka sauke. Gudu ɗaya ɗaya kuma ana fitar da shi a fayil ɗin GPX. Mai agogon Garmin in ya jona shi da kebul zai ga folda mai suna Activity cike da fayilolin FIT, kowanne fita ɗaya ne, kwafe su kawai zai yi. Na Google kuma ta Google Takeout. Ni sau ɗaya a wata uku nake yi, in zuba a folda mai suna Gudu a cikin Documents, daga nan bakof ɗin Asabar ya ɗauke ta tare da sauran. Ina kuma da ƙaramin littafi da nake rubuta rana da nisa da yadda jikina ya ji, da shi nake gane takalmi ya kusa gajiya. Wani abu kuma, taswirar gudunka tana nuna ƙofar gidanka da lokacin da kake fita kullum, a yanayin tsaron da muke ciki wannan ba ƙaramin abu bane, ka shiga Privacy Controls ka ɓoye farko da ƙarshen hanyar, ko ka maida komai mabiyanka kaɗai ke gani, ko kuma kar ka kunna sai ka yi nisa da gida.

Na shida, faifai na biyu, in hali ya samu. Shi ne wanda yake kwana a wani gida. Asabar ɗin farkon wata nake yin bakof a kan na gida in kai shi gidan yayana in karɓo wanda ke can, suna musanya kenan. Kar ka sa HDD a aljihu ka yi gudu da shi wai ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, jijjiga da gumi ba abokansa bane, ka kai shi da yamma a cikin jakarsa. Tunda zai bar hannunka ka kulle shi da kalmar sirri, BitLocker yana cikin Windows Pro, danna faifan da maɓallin dama ka zaɓi Turn on BitLocker, mai Windows Home ya nemi VeraCrypt, Time Machine kuma yana da zaɓin kullewa tun wajen saitawa. BitLocker zai baka mabuɗin ceto mai lamba 48, ka buga shi a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, in ka manta kalmar sirri kuma ka rasa wannan ba mai gyaran da zai buɗe maka. Yawancin sabbin kwamfutoci masu Windows 11 ma a kulle suke zuwa mai su bai sani ba, mabuɗin yana cikin akawun ɗinka na Microsoft, ka shiga yau ka kwafe shi. Sannan mutum ɗaya da ka yarda da shi, matarka ko mijinki ko ɗan uwa, ya san inda takardar take. Rai a hannun Allah yake, kuma a cikin faifan nan akwai bashin mutane da haƙƙin magada.

Duk wata uku ka yi gwajin dawo da kaya kamar da gaske. Ka ƙirƙiri fayil na gwaji, ka bari bakof ya ɗauke shi, ka goge shi, sannan ka shiga File History ka danna Restore personal files ka dawo da shi da koren maɓallin nan. Hannunka ya saba tun hankali na kwance. A ranar kuma ka buɗe CrystalDiskInfo, kyauta ce, tana karanta lafiyar faifai, shuɗi lafiya, in ta nuna ruwan ɗorawa da Caution ka fara neman sabo tun yau. In kuwa faifai ya fara irin ƙarar da nawa ya yi, kashe kwamfutar, kar ka yi ta kunnawa kana gwadawa, kar ka yarda a yi fomatin, in Windows ta ce sai an yi fomatin kafin a buɗe ka danna Cancel. In kuma goge abu ka yi bisa kuskure, ka daina ajiye komai a wannan faifan, manhajojin Recuva ko PhotoRec suna iya dawo da shi matuƙar ba a rubuta wani abu a kansa ba, kuma abinda suka dawo da shi a wani faifan daban zaka ajiye.

Akwai satin da ba zaka fita ba, ruwan sama ko mura ko tafiya. Ka jona faifan duk da haka, ka yi tafiya a tsakar gida ko ka miƙe jiki minti goma. Da azumi kuma nakan maida duka biyun dare, in an sauko daga tarawi abinci ya ɗan faɗa sai in jona in fita sassarfa mara nauyi ta minti 20 da gorar ruwa a hannu, a layin da ke da haske da mutane, bayan sallah da sati ɗaya in koma asubar Asabar, in fara da kwashe hotunan sallah daga wayoyin gidan gaba ɗaya.